Ramukan Arzika a Kan Fako

Tun da na dawo daga Filinge ban huta da tambaya ba. A wurin aiki, a gidan suna, har a layin awon hawan jini wata ta tare ni tana cewa yaya Nijar. Wasu kilishi suke nema da tambayar, na sani, kuma kilishin tun a Gusau ya ƙare. Masu son labarin da gaske kuwa, da na fara sai muryata ta tashi, su ce in yi haƙuri, ai ba su suka yi mini ba. Shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Aikina, ga wanda bai sani ba, taswirar ƙasar noma ne. Masu fita daji su ɗebo ƙasa, a auna ta, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in haɗa lambobin, in shafa wa kowane yanki launinsa: kore ƙasa mai kyau, rawaya dama-dama, ja matacciya. Wata ƙawata 'yar Yamai da muka taɓa yin kwas tare ita ke wannan aikin a wani shirin gyaran ƙasa a Kurfai. Haihuwa ta zo mata, sai ta ba da sunana. Na ce mata Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Ta ce can Hausa ake yi, in daina neman dalili in haɗa kaya.

Daga Zariya na tashi, tsakiyar bazara, da jaka ɗaya da ƙarfena na huda ƙasa. Dogon ƙarfe ne mai hannu biyu a sama, ana murɗa shi ya shiga ƙasa ya fito da ita. An ce mini akwai irinsa a can, amma na saba da nawa. Shi ya fara ja mini magana. A tasha yaran mota suka ce ba zai shiga but ba, aka kwantar da shi ƙarƙashin ƙafafun fasinja, wani ɗan kasuwa mai babbar riga ya yi ta tuntuɓe da shi yana hararata har Sakkwato. Ban ba shi haƙuri ba, don tun Funtuwa buhun albasarsa ke kan ƙafata.

A bakin iyaka, bayan Illela, wani jami'i ya ɗaga ƙarfen ya juya shi, ya kira abokin aikinsa, suka yi shawara da Faransanci. Sannan ya tambaye ni da Hausa ko zinariya za ni nema. Na ce ƙasa nake aunawa. Ya ce ai masu zinariyar ma haka suke cewa. Sai da na fito da takardar gayyata da hotunan taswirorin da na yi a waya, ya duba ya duba, ya tambayi me ja ke nufi. Da na faɗa masa, sai ya ce gonar ubansa tana wajen Dogon Dutsi, in na bi ta can in taimaka kada in shafa mata ja. Muka yi dariya, ya buga mini hatimi.

A Ƙonni na ga abin da ya ba ni kunya a madadin tashoshinmu. Babbar motar da suke kira kar, kowa da lambar kujerarsa, kuma in an ce za ta tashi, tashi za ta yi. Ni da na saba sai mota ta cika, sannan direba ya je cin abinci, sannan a nemo yaron mota, na tafi abina sayen tsire. Ina dawowa na hango ta tana fita daga ƙofa. Da gudu na bi ta, ƙarfe a kafaɗa, mayafi yana ja a ƙasa, tsiren kuma ban san inda ya faɗi ba. Matar da ke kusa da kujerata ta tausaya mini ta gutsuro mini irin dogon burodinsu mai tauri. Na ci don yunwa, dasashina bai yafe mini ba har Doso.

Na kwana a Yamai wurin mai jego, washegari motar shirin ta ɗauke ni muka yi arewa ta Baleyara. Direban, Sumaila, mutum ne mai son bayani. A Bonkuku ya rage gudu don in ga lambunan dankalin turawa a kwari, ya ce ƙasar nan ko tsinke ka dasa sai ya yi ganye. Da muka matso Filinge ya nuna mini tudun da ke gefe, fili jawur, a shafe, ba ko ciyawa. Ya ce wannan shi ne fako, shi ne abin da ya kawo ni.

Ɗakin baƙi na ofishin an cika shi da ledojin ƙasa har bakin taga, don haka aka kai ni gidan wata tsohuwa, Inna Zali. Ba ta tambayi sunana ba sai da na shanye fura rabin ƙwarya. A gidanmu fura abin marmari ce da rana, a can kuwa ita ce karin kumallo, ita ce ta rana, ita ce sannu da zuwa, kuma in ka ce ka ƙoshi sai a tambaye ka ko ba ka da lafiya. Da yamma ta kawo mini kwaɗon zogale da suke kira kopto, na ce mata ai mu ma muna yi. Ta ɗanɗana mini nata a baki ta ce in faɗi gaskiya tsakanina da Allah. Na faɗa, nata ya fi. Hausarsu kuwa sai na kasa kunne, irin ta Sakkwatawa ce amma ta fi nauyi, ga Faransanci da Zabarmanci a ciki. Ita ma ta ce tawa Hausar ta rediyo ce, ba gishiri. Kowa a tsakar gida yake kwana saboda zafi, aka fitar mini da gado kusa da turken akuyarta, wadda ta cinye mini gefen ɗankwali tun ban gama sabawa da gidan ba.

Shugaban aikin, Shef Idi, mutum ne mai tsafta da fara'a, kuma ba zan ce mugu ne ba, ko da yake akwai ranar da na so in ce. Ya yi mini bayanin shirin. Duk inda taswira ta nuna ja, za a kewaye shi da waya, a shuka ciyawa da itatuwa, a hana noma, don ƙasar ta farfaɗo makiyaya ma su samu abin kiwo. Inda ta nuna kore ko rawaya, a bar wa manoma. Na ce wannan abu ne mai kyau, kuma har yau ina cewa haka.

Ga yadda ake lissafin, don ku fahimci abin da ya ɓata mini rai. Ba a samun yanki mai ƙasa iri ɗaya. Za ka tarar wani ɓangaren yashi ne, wani laka, wani fako. To, sai a auna kowane iri, a ba shi maki, sannan a ba shi nauyi gwargwadon faɗin da ya ci a yankin. Wanda ya ci rabin fili, rabin magana tasa ce. Wanda ya ci ɗaya cikin goma, ɗaya cikin goma zai faɗa. A haɗa, a fitar da matsakaici, shi ne launin yankin. Kamar a zuba mudu tara na dusa da mudu ɗaya na gero a buhu, a girgiza, a tambaye ka abin da ke ciki. Shekara da shekaru ina wannan lissafin, kuma galibi gaskiya yake faɗa.

Ina cikin shigar da lambobi na ga wani wuri a kan tudu, gabas da wani ƙauye a hanyar Sanam, inda masu ɗibar ƙasa suka rubuta fako zalla, amma a gefe suka ce akwai karan gero. Na tambayi yadda aka yi gero ya fito a fako. Suka ce wani tsoho ne ke wahalar da kansa a wurin. Na ce Sumaila ya kai ni.

Sunansa Arzika. Dogo ne, siriri, tafin hannunsa duk kanta. Da aka raba gonar gidansu bai samu abin kirki ba, sai maigari ya ce masa ga fako can, in zai iya ya ɗauka, ba mai so. Tun 'yarsa ta fari tana goye ya fara, yanzu ita ma tana da nata goyon. Abin da yake yi suna kiransa tassa. Da rani yake sassaƙa ramuka a fakon da diga, kowane rami kamar faɗin ƙwarya, taku ɗaya tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya tara ƙasar da ya fitar a gefen gangare. Sai ya zuba tafi biyu na taki a ciki. Takin wurin wani Bafulatani yake samu, shi kuma ya bar masa kara. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa ta yi hanyoyi. In ruwa ya sauka, fakon da ke tsakani ba ya sha, sai ya gangaro da ruwan duka cikin ramukan. A nan ake shuka, a nan saiwa take zama. Ya kai ni bayan gidansa ya nuna mini rumbu, ya ce ban da wannan gonar ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa a duniya.

Na tambaye shi me ya sa ba a ɗebi ƙasar ramukan ba. Ashe shi ya hana. Da samarin suka zo da ƙarfe, bin su ya yi yana roƙo su huda tsakani, kada su taɓa masa rami, su kuma suka ga dattijo ne suka bi maganarsa. Da ya ga nawa ƙarfen ma sai ya sha gabana.

"Malama, ki yi mini rai," ya ce. "Na zuba taki, gara na aiki ciki. In anka sa ƙarhe, watsewa za ta yi."

Na ce, "Baba, in ban ɗiba ba, takarda za ta ce ba komai a nan sai dutse."

Sai ya ce in ajiye ƙarfen. Da hannunsa ya ɗebo mini, kaɗan daga wannan rami kaɗan daga wancan, yana mayar da sauran yana dannawa a hankali. Ƙasa ce baƙa, mai laushi, mai ƙamshi. Na kafa zoben ƙarfe na awon shan ruwa a kan fako na zuba ruwa, ruwan ya zauna yana kallona har rana ta fara shanye shi. Na zuba a rami, kafin in miƙe ya shige. Matarsa Hadiza ta kawo mana fura a gonar, ta tambayi Sumaila a gefe ko gaskiya ne za a sa waya. Sumaila ya ce mata ai ga Malama ta zo, za a gyara. Na so bai faɗi haka ba.

Awon ya fito yadda na zata. Ƙasar ramukan kore ce shar, ta fi ta wasu gonakin kwari. Amma ramukan ɗaya cikin goma suka ci na faɗin gonar, tara fako ne. Na ba kowanne nauyinsa yadda ƙa'ida ta ce, kwamfuta ta shafa wa gonar Arzika ja.

Na sami Shef Idi na ce masa nauyin nan ba daidai ba ne. Gero ba ya cin fako, rami yake ci. In ana so a san ko ƙasa tana ba da abinci, a ba da nauyi gwargwadon inda saiwa take, kuma a wannan gonar saiwa duk tana cikin rami. Fakon da muke kira matacce ma aiki yake yi, shi ke tara wa ramukan ruwa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce hujjata tana da kyau ƙwarai, har ya kamata in rubuta ta a mujalla. Amma littafin aiki faɗi ya ce, kuma da faɗi aka lissafa kowane yanki daga Damana har Sanam. In aka canza wa mutum ɗaya sai an canza wa kowa, ga masu ba da tallafi suna jiran taswira kafin ruwa ya sauka.

Na ce to a canza wa kowa, ai don haka aka ɗauko ni. Ya ce ba lokaci. Na ce a yanke gonar a ba ta yankinta daban. Ya ce ta yi ƙanƙanta, a ma'aunin taswirar ko kan alƙalami ya fi ta girma, akwai iyakar ƙanƙantar da aka yarda a zana. Na ce a sa ɗigo da bayani a gefe. Ya ce wayar ba ta karanta bayani, layin launi masu kafa ta za su bi. Duk abin da na kawo yana da amsarsa a shirye, yana murmushi yana zuba mini shayi. Wannan shayin ya fi komai ƙona mini rai.

"Madam," ya ce, "ni ma ɗan manomi ne. Amma mu awo ne namu. Hukunci na kwamiti ne."

Sai na tafi wurin kwamitin da shirin ya kafa don rabon filayen. Sumaila ya yi mini tafinta inda Hausa ta ƙare Faransanci ya fara. Sun karɓe ni da mutunci, har aka ba ni kujera mai hannu. Shugabansu ya ce sun san Arzika, mutumin kirki ne, kowa ya ga geronsa. Amma su ba masana ba ne, ba za su yi jayayya da abin da na'ura ta auna ba. In masana suka ce kore, su wane ne su ce ja? Na ce ni ce masaniyar, kuma ga ni a gabanku ina ce muku kore ne. Ya ce to madalla, in koma in sa taswirar ta faɗi haka. Na tashi na fito. Ofis ya ce kwamiti, kwamiti ya ce ofis, kowa hannunsa a wanke, kuma dukansu sun ci tuwon geron tassa a gidan wani.

Na gaya wa Shef Idi ba da hannuna za a fitar da wannan taswirar ba. Bai yi fushi ba. Ya ce ya fahimta, ya gode da ƙoƙarina, ya jawo kwamfutar gabansa ya danna da kansa. Abin bai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba. Na koma gida na kasa cin abinci, Inna Zali ta zauna kusa da ni tana fifita. Da na ba ta labari, ta ce ita ba ta san lissafi ba, amma ta san shekarar da aka yi yunwa Hadiza ta aiko mata da dami biyu. Daga nan ta tura mini ƙwaryar fura, na sha don kada ta ce ba ni da lafiya.

Ranar da zan taho na ce wa Sumaila ba zan bar ƙasar nan ba sai na je na faɗa wa Arzika da bakina. Hadari ya fara haɗowa a gabas a kwanakin, kowa yana gyaran iri. A hanya ina ta shirya maganar da zan yi, ina warwarewa. Ashe labari ya riga ni, an kira maigari an nuna masa taswira, an faɗa masa inda waya za ta bi.

Daga nesa muka hango amalanken jaki a tsakiyar gonar. Arzika yana durƙushe a bakin rami da ƙaramar tasa, yana kwashe baƙar ƙasar yana zubawa a kwando. Hadiza da 'yarsu mai goyo suna ɗauka suna juyewa a amalanke. Sun riga sun gama layi da yawa, ramukan da ke bayansu sun koma jajaye, wayam. Ya miƙe ya gaishe ni da kyau, ya tambayi gajiya, ya tambayi Inna Zali, ya ce Hadiza ta kawo wa baƙuwa ruwa. Na fara ba shi haƙuri, ina bayanin tara da ɗaya, ya ɗaga hannu ya ce an yi masa bayanin, ya gane sarai.

Na ce, "Baba, ina za ka kai ta?"

Ya ce bai sani ba tukuna. Zai tara ta bayan rumbu ya rufe da zana kada ruwa ya tafi da ita, har Allah ya nuna masa wuri. Na ce ai ko amalanke ɗari ya yi ba zai kwashe ba kafin ruwa. Ya ce abin da ya samu ya samu. Sannan ya dubi filin, ya share hannunsa a riga.

"Kun ce tara hwako na, guda ƙasa ta. Hwakon nan na ishe shi, ba ni da magana bisa nai, su sa mishi waya. Gudan ga kau, ɗiyata, ni niy yi ta."

Ya koma ya durƙusa. Na tsaya riƙe da kofin ruwan, ban sha ba. Sumaila ya tuɓe rigarsa ta aiki ya rataye a madubin mota, ya je ya karɓi kwandon daga hannun mai goyon. Ni ma na ajiye kofin na naɗe hannun riga. Ramin da na fara kwashewa, garar tana ciki tana aikinta.